Daga Teburin Karta Zuwa Dajin Amazon

Da wuya a sami wurare biyu a duniya da suka yi hannun riga kamar ɗakin caca na birnin Las Vegas a ƙasar Amurka da bukkar boka a dajin Amazon na ƙasar Peru. A na farkon ba a kashe fitila dare da rana, ba a rataye agogo a bango, kuma mutum yakan zauna sa'a goma ko fiye yana ɓoye abin da ke zuciyarsa domin ya kwashe kuɗin na kusa da shi. A na biyun kuwa, da dare ya yi sai a hure fitila, a miƙa wa baƙo ɗan kofi na wani tsimi mai ɗaci da ake kira ayawaska, ya shanye, ya raba dare yana amai da kuka a gaban mutanen da bai taɓa gani ba. Duk da haka, a 'yan shekarun nan waɗansu daga cikin masu sana'ar kartar nan da Turawa ke kira foka sun shiga ayarin baƙin da ke tafiya can, suna komowa suna cewa ra'ayinsu ya sake game da kuɗi, da nasara, da mutanen da suke ci. Abin tambaya shi ne, mene ne ya sake su, kuma sakewar tana daɗewa?

Cin abinci da karta

Kafin a gane abin da ke kai irin wannan mutum daji, sai an san sana'arsa. Foka ta bambanta da sauran caca, domin a nan 'yan wasa junansu suke ci, mai gida kuwa ɗan kamasho kawai yake cira. A irin wadda ta fi yaɗuwa, ana raba wa kowa kati biyu a rufe daga cikin 52, sa'an nan a buɗe biyar a tsakiyar tebur daki-daki, kowa ya haɗa da nasa. Tsakanin buɗewa da buɗewa ana zuba kuɗi, wanda ya ga ba zai iya ba ya janye. Saboda haka mai raunin kati yana iya korar mai ƙarfin kati da burga kawai, muddin fuskarsa ba ta tona shi ba. Gwani shi ne wanda ya iya lissafi, ya iya karanta mutane, ya kuma hana a karanta shi.

A shekarar 1970 wani mai gidan caca, Benny Binion, ya tara 'yan tsirarun gwanaye a gidansa mai suna Horseshoe a Las Vegas, suka fafata, suka zaɓi Johnny Moss ya zama zakara. Daga nan gasar duniya ta samo asali, kuma tun 1972 kuɗin shiga babbar gasar dala 10,000 ne. A 2003 wani akanta daga jihar Tennessee, Chris Moneymaker, wanda ya sami kujerarsa ta wata ƙaramar gasar share fage a intanet da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya doke mutum 838 ya tafi gida da dala miliyan 2 da rabi. Labarin nan ya ruɗi samari ƙwarai, har ya zamana a 2006 masu shiga gasar sun kai 8,773. Ɗalibai da yawa suka ajiye karatu, suka kulle kansu a ɗaki, kowa yana wasa a tebur goma ko fiye lokaci guda a fuskar kwamfuta.

To, sana'ar tana koya wa mai ita halaye uku, kuma ba ya ci gaba sai da su. Na farko, ya manta cewa kuɗi kuɗi ne. A tebur ƙwandalolin roba masu launi ake turawa, kuma duk wanda ya tuna cewa tulin da ke gabansa kuɗin mota ne, hannunsa zai yi rawa. Na biyu, ya danne zuciyarsa. Mafi ƙarfin kati biyu da za a iya raba wa mutum, in suka kara da waɗansu tagwaye, sukan fāɗi wajen sau ɗaya cikin biyar, don haka gwani yana iya yin wasa daidai ya yi watanni yana hasara, kuma tilas ya haɗiye, domin wanda ya hasala ya gama yawo. Na uku, ya riƙa duban ɗan'uwansa a matsayin abin farauta. A bakin 'yan foka, sunan wanda bai iya ba "kifi", kuma abincin gwani daga aljihun kifi yake fitowa, ko da kuwa kifin nan mutum ne da caca ta riga ta zame masa ciwo.

Wanda ya shekara goma a kan waɗannan halaye, barci da rana, farkawa da dare, yakan wayi gari da kuɗi a banki amma ba abin da ke faranta masa rai. Kowane ɗan foka ya san labarin Stu Ungar, wanda ya ci babbar gasar duniya sau uku, a 1980 da 1981 da 1997, wanda kuma da yawa ke ganin ba a taɓa yin gwani kamarsa ba. A watan Nuwamba na 1998 aka tsinci gawarsa a wani ɗan masauki mai araha a Las Vegas, yana da shekara 45, ƙwaya ta lalata masa zuciya, abin da aka samu tare da shi bai wuce dala 800 ba.

Abubuwa biyu suka ƙara girgiza samarin zamanin intanet. Ran Juma'a 15 ga Afrilu, 2011, hukumomin shari'a na Amurka suka rufe wa Amurkawa manyan dandalolin foka uku, watau PokerStars da Full Tilt Poker da Absolute Poker, kuɗin mutane masu yawa ya maƙale. Waɗanda ba su da wata sana'a suka yi ƙaura zuwa Kanada da Meksiko da Kosta Rika domin su ci gaba da wasa. Sa'an nan a watan Janairu na 2017, a birnin Pittsburgh, wata kwamfuta mai suna Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon ta kara da gwanaye huɗu har kwana 20, aka yi zubi 120,000, ta lallasa su. Watau abin da mutum ya ba ƙuruciyarsa, ga ƙarfe ya fi shi iyawa. Saurayi mai kuɗi, wanda ba shi da ofis balle maigida, ya saba da zaman baƙunci, zuciyarsa kuma ba ta kwance ba, shi ne ainihin baƙon da sansanonin ayawaska ke nema.

Mene ne ayawaska?

Kalmar daga harshen Kecuwa take, yaren mutanen duwatsun Andis, ma'anarta kuwa igiyar kurwa. Ana haɗa tsimin da tsire-tsire biyu. Ɗaya itace ne mai yaɗo, mai nannaɗe bishiyoyi kamar igiya, wanda masana ke kira Banisteriopsis caapi. Ɗayan ganyen wani ɗan itace ne da mutanen wurin ke kira cakaruna. A daddaka igiyar, a jera ta da ganyen a babbar tukunya, a yini ana dafawa har ruwan ya ƙone ya koma baƙi-baƙi mai kauri. A cikin ganyen akwai wani sinadari mai suna DMT, mai sa gane-gane, amma in an haɗiye shi shi kaɗai, hanji da hanta sukan rushe shi tun bai kai ƙwaƙwalwa ba. Aikin igiyar shi ne ta dakatar da wannan rushewa na 'yan sa'o'i. Ƙabilun Peru da Barazil da Kolombiya da Ekwado sun san wannan haɗi tun kafin masu ilmin kimiyya su gane dalilinsa. Baturen Ingila masanin tsirrai, Richard Spruce, ya tarar da mutanen Tukano suna shan igiyar a gaɓar kogin Waupes a farkon shekarun 1850.

A asali, boka ne yakan sha domin ya gano cutar majiyyaci ko ya nemi bayanin abin da ya ɓuya. Zuwan baƙi daga Turai da Amurka domin su sha da kansu ya bunƙasa ne daga shekarun 1990, musamman a kewayen Ikitos, birni mai mutum wajen rabin miliyan wanda ba a shigarsa daga sauran ƙasar sai ta jirgin sama ko ta ruwa, da kuma Pukalpa a gaɓar kogin Ukayali, ƙasar mutanen Shipibo waɗanda bokayensu, maza da mata, suka yi suna. A 2008 gwamnatin Peru ta sa sanin ayawaska na gargajiya cikin kayan gādon al'adun ƙasa, amma a cikin sanarwar ta bambanta shi da shan da ake yi don kasuwanci. A wajen yankin kuwa, DMT yana cikin jerin abubuwan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta tsananta wa, Faransa ta haramta tsimin a 2005, Kotun Ƙolin Amurka kuma a 2006 ta yarje wa wata ƙungiyar addini mai asali daga Barazil ta riƙa sha a ibadarta kawai.

Zaman sansani

Baƙo yakan biya abin da sau da yawa ya haura dala 1,000 domin zaman mako guda, waɗansu su yi wata ko fiye. Tun kafin ya iso an hana shi giya da ƙwaya da naman alade da kusantar mace. A sansani abincinsa shinkafa ce da dafaffiyar ayaba da kifi, ba gishiri, ba sukari, ba mai. Ɗakinsa 'yar bukka ce da gado da gidan sauro. Galibi babu waya, babu intanet, wutar lantarki ma sai ta ɗan lokaci. Mutumin da ya saba kwanciya da hantsi sai ga shi yana tashi da kukan tsuntsaye, yana yini ba abin da zai lissafa.

Dare biyu ko uku ko huɗu a mako akan taru a wata babbar bukka mai rufin ganye da ake kira maloka. Kowa da katifarsa da bokitinsa. Bayan an sha da kamar rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya abin yakan fara aiki, ya ɗauki sa'a huɗu zuwa shida. Boka yana busa hayaƙin taba yana rera waƙoƙin da ake kira ikaro, masu sha kuwa waɗansu na amai, waɗansu na gudawa, waɗansu na kuka ko makyarkyata. Da gari ya waye sai a zauna a da'ira, kowa ya faɗi abin da ya gani.

A nan ne ɗan foka ke cin karo da kishiyar duk abin da ya koya. Shi da ya shekara goma yana horar da fuskarsa kada ta motsa, ga shi durƙushe a kan bokiti a gaban baƙi, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Shi da ya saba janyewa in wasa ya ɓaci, a nan in an haɗiye an haɗiye, ba a tashi sai abin ya sake shi. Lissafinsa ba ya aiki, kuɗinsa ba sa sayo masa sauƙi, kuma babu wanda zai ci, domin babu abin ci. Masu zuwa irin waɗannan wurare, 'yan karta da waɗanda ba 'yan karta ba, labarinsu yakan zo kusan ɗaya: sun ga ƙuruciyarsu ta dawo musu, sun tuna iyaye da 'yan'uwan da suka yi watsi da su, sun ji nauyin abin da suka yi wa waɗansu kamar su aka yi wa. Ga malamin makaranta ko injiniya, wannan ji yana iya gyara zamansa da iyali ya bar aikinsa yadda yake. Ga ɗan foka kuwa saran a kan gaɓa yake, domin da zarar kifi ya koma masa mutum mai mata da 'ya'ya da kuɗin haya, tushen sana'ar ya motsa. Tambayarsa ta dā ita ce nawa zai ci. Yanzu wata ta shigo: kuɗin wa yake ci, kuma don me?

Abin da masu bincike suka gano

Ɗan foka ya fi kowa sanin cewa ci ɗaya ba ya nuna gwaninta. Annie Duke, wadda ta yi shekaru tana wannan sana'a, ta bayyana a littafin da ta wallafa a 2018 cewa babban kuskuren mutane shi ne auna kyawun shawara da abin da ya biyo bayanta, alhali kuwa sa'a tana da hannu a ciki. Ya kamata a auna labarin ayawaska da wannan mudu. Waɗanda suka ji daɗin zuwa su ne ke yayatawa. Ɗan wasan ƙwallon Amurkawa Aaron Rodgers, alal misali, ya faɗa a 2022 cewa tsimin da ya sha a Peru ya taimake shi, shi da aka zaɓa gwarzon shekara a kakar 2020 da ta 2021. Wanda ya je ya komo yadda yake, ko ya komo a rikice, ba a cika gayyatarsa hira ba.

Bincike na tsanaki kaɗan ne, kuma mutanen da aka gwada ba su da yawa. A birnin Natal na Barazil, masu bincike na jami'ar tarayya sun gwada mutum 29 masu ciwon damuwa mai tsanani wanda ya gagari magungunan asibiti, suka wallafa sakamakon a 2019. An ba 14 tsimin gaske, an ba 15 jabu mai irin ɗacinsa. Bayan kwana bakwai, 9 daga cikin 14 sun sami sauƙi sosai, a ɗaya ɓangaren kuwa 4 daga cikin 15. Wannan ya nuna akwai wani abu a cikin tukunyar, amma a asibiti aka yi gwajin, bayan an tace marasa lafiyar, likitoci kuma suna tsaye.

Binciken da ya fi shafar wannan magana shi ne na Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan, wanda ya fito a 2021. An bi mutum 30 zuwa tarukan shan ayawaska a Holan da Sifen da Jamus, waɗansu suka sha na gaske, waɗansu jabu, ba tare da sun sani ba. Washegari aka tarar damuwa da fargaba sun ragu a ɓangarorin biyu. Watau zaman kansa, da waƙa, da zumunta, da sa rai, sun yi aiki ko da babu sinadarin. Inda masu shan na gaske suka yi fice shi ne wajen jin tausayi in an nuna musu hoton mai wahala. Ƙaramin gwaji ne, ba a gina gida a kansa, amma ya yi daidai da abin da aka faɗa a baya: kwanciyar rai tana iya zuwa daga barci da shiru da rabuwa da waya, tausayi kuwa shi ne kayan da ɗan foka ya daɗe da jinginarwa.

Akwai ma shaida daga cikin 'yan foka kansu cewa ana iya juyowa ba tare da tsimi ba. Haseeb Qureshi, wanda ya yi suna a intanet tun yana matashi, ya bar wasan a 2011 bayan wani abin kunya da ya taɓa sunansa. Ya yi zaman shiru na kwana goma irin na mabiya addinin Buda, a ƙarshen 2013 kuma ya sanar cewa ya rabar da kusan duk abin da ya tara, wajen dala rabin miliyan, ya soma sabuwar rayuwa, daga baya ya koyi aikin kwamfuta.

Inda gizo ke saƙa

Tafiyar nan tana da haɗari na gaske. Tsimin yana ɗaga bugun zuciya da hawan jini, yana iya zama guba in ya haɗu da waɗansu magungunan ciwon damuwa na asibiti, kuma yana iya tayar da taɓin hankali ga wanda ke da shi a ɓoye ko a dangi. Waɗansu masu haɗawa sukan ƙara wani tsiro mai suna towe, ɗan'uwan zaƙami, wanda Hausawa ke kira haukata-yaro. A 2012 wani yaro Ba'amurke ɗan shekara 18 ya mutu a wani sansani kusa da Puerto Maldonado a Peru, bokan ya binne shi a ɓoye, sai daga baya ya amsa. A 2014 wani saurayi ɗan Ingila mai shekara 19 ya mutu bayan ya sha a Kolombiya. Mata baƙi sun sha kawo ƙarar bokayen da suka ci zarafinsu suna cikin maye. A watan Afrilu na 2018 aka harbe Olivia Arévalo, tsohuwar mai magani ta Shipibo 'yar shekara 81, a ƙauyenta kusa da Pukalpa, mutanen gari kuma suka kashe wani ɗan Kanada da ya zo koyon magani, wanda daga baya masu gabatar da ƙara suka ce shi ya harbe ta. Inda kuɗin baƙi suka kwarara cikin talakawa, bokan gaske da na ƙarya duk shiga ɗaya suke yi.

A cikin duniyar foka ma an ga yadda irin wannan abu ke zama sandar mulki. A 2022 wani ɗan wasa ya fito fili ya zargi ubangidansa, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa cin kuɗi a gasa, da cewa yana tura yaran da yake zuba wa jari wajen wata boka mai shafa dafin kwaɗon Amazon a fatar da aka ƙona, ya kuma haɗa da zargin maguɗi, wanda ubangidan ya musanta.

Bayan an komo

Ga galibin masu karanta wannan shafi, caca da abin maye duka biyu addini ya hana su, tarbiyya kuma ta ƙi su, don haka wanda ya bar tebur ya nufi tukunya, za a ce ya gudu daga gara ya tarar da zago. Amma labarin yana da abin lura, domin ya nuna cewa mutumin da ya kai ƙarshen abin da kuɗi ke saye yana iya ƙetare teku ya biya kuɗi don a ƙwace masa waya, a ba shi abinci ba gishiri, a zaunar da shi cikin mutane ya faɗi gaskiya.

Masu komowa kashi uku ne. Akwai wanda ke rage wasa ko ya bari, ya nemi aikin da wani zai amfana da shi. Akwai wanda ke mai da abin dutsen wāshi, ya ce ya sami natsuwar da zai ƙara cin mutane da ita, wannan kuwa bai motsa daga inda yake ba. Akwai kuma wanda ke komawa daji kowane 'yan watanni, yana ƙirga dararen da ya sha kamar yadda dā yake ƙirga gasar da ya ci, ya sake ubangida ne kawai.

Ba a gane wane ne wane a filin jirgin Ikitos, lokacin da ido ke sheƙi baki kuma ke zuba. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Sai shekara ta zagayo za a duba ko yana barci da dare, ko ya koma gaida iyayensa, ko ya biya bashin abokan da suka zuba masa jari. Sa'an nan a duba abin da yake yi in ya sami kansa a tebur da ƙarfe uku na dare, ga wani a gabansa ya bugu, yana zaro kuɗin da kowa ya ga alama ba na wasa ba ne. In ya tattara ƙwandalolinsa ya tashi, to an sami canji. In kuwa ya gyara zama, daji bai karɓe masa kome ba sai kuɗin jirgi.